Tsohon Fad ɗin Mai Walda

Bari in ba ka wani misali, ka riƙe shi. Akwai wani mai gidan gem, ɗan shago ne dai, kwamfuta da benci da fanka. Cikin masu zuwa wurinsa akwai wani mai walda da injin yankan ƙarfe ya ɗauke wa yatsu biyu a hannun dama. Mutumin nan ko gaisawa za a yi, hannun na cikin aljihu. Amma fa yana son ƙwallo kamar me, kullum sai ya zo ya tsaya a bayan benci yana kallon masu buga ta a kwamfuta. Mai shago ya lura. Rannan da babu kowa ya zaunar da shi, ya miƙa masa fad, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga gem. Suka yi ta gwaji, yau a matsar da maɓallin fasin, wato na miƙa ƙwallo, zuwa nan, gobe a mai da na shot, wato na bugun raga, can, har kowane aiki ya koma inda ragowar yatsunsa ke kaiwa. To ka san yadda kwamfuta take, ba ta da ido. Da ka soka fad a ramin USB, tambayarsa take yi: kai wane ne? Shi kuma sai ya faɗi lambar kamfaninsa da lambar irinsa, waɗanda ke rubuce can cikin cikinsa. Da wannan take gane shi, a ƙarƙashin wannan sunan take ajiye duk tsarin da aka yi masa. Saboda haka da an soka fad ɗin mai walda, shi ke nan, ta san baƙonta. Wallahi mutumin nan ya zama gwani. A duk garin, kan bencin nan ne kaɗai yake fito da hannunsa fili, don ba wanda ke kallon hannun, kowa allo yake kallo.

Ana nan aka sa gasar unguwa, mai walda ya kai wasan ƙarshe. Mai shago ya dubi fad ɗin nan, ya tsufa, ya tsage a gefe, an naɗe shi da salatif, wayarsa duk maiƙo. Kunya ta kama shi. Ya ce a ransa, ina, abokina ba zai zauna gaban jama'a da wannan tsumma ba. Ya tafi kasuwa ya zaɓo sabo fil, launi ɗaya, girma ɗaya, har tambarin iri ɗaya, in ka ajiye su tare sai ka rantse uwarsu ɗaya. Tsohon kuwa ya jefa wa 'yan gwangwan. Bai gaya wa kowa ba, so yake ya yi masa ba-zata. Ranar wasa shago ya cika har bakin titi. Ya miƙa masa sabon da hannu biyu, ya ce, "Maigida, yau da sabo za ka ɗau kofi." Mai walda ya yi murmushi ya yi godiya. Aka soka. Kwamfuta ta yi tambayarta, sabon fad ya faɗi wata lamba daban, don wani kamfani ne ya kwaikwayi jikin kawai. Ita kuwa ba ta san shi ba, sai ta ba shi tsarin da take ba kowane baƙo, na mai yatsu goma. Aka take wasa. Mai walda ya danna fasin, ɗan wasansa ya ɗirka ƙwallo waje. Ya samu kansa daga shi sai gola, ya nemi shot, ashe shot ya koma daidai inda yatsan da babu zai taɓa. Dokar gasa kuma in an take ba a tsayawa. Sai ya shiga murɗa hannu yana laluben maɓalli da dungulmin, idanun mutane suka sauko daga allo suka sauka a kansa. Wani daga baya ya ce, "Kai, ashe da guntun hannu ake ba mu kashi!" Aka yi dariya, ba ma da mugunta ba, amma dai an yi.

Mai shago na tsaye jikin ƙofa, ya gane abin da ya aikata. Bayan an watse ya roƙe shi su zauna su sake tsarawa, ya ce ai abin ba wuya. Mai walda ya ajiye fad a hankali kan benci, ya ce ba komai, Allah ya saka da alheri. Ya fita, bai ƙara dawowa ba. Tsarin nasa kuwa yana nan cikin kwamfuta har yau, tana jiran sunan da ba za a sake faɗa mata ba. Mai shago da ido ya auna, ido kuwa fata yake gani. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba wane ba ne.