Manomin da Ya Tara Yinin Gari

Na ji an ce jiya 'yan'uwanka sun zo taya ka aiki ka sallame su, wai kai ba ka ɗora wa kowa nauyi. To gyara zama ka ji wani misali.

A wani ƙauye an taɓa samun saɓani a kan aikin gayya, wasu na cewa kullum su ake mora. Sai dattawa suka sa baduku ya yanka guntayen fata, ya buga wa kowanne tambari, aka raba wa kowane gida daidai wa daida. Suka sa musu suna yini. Wanda ya yi maka aikin yini guda, ko noma ne, ko yaɓe, ko jinyar mara lafiya, sai ka ba shi fata ɗaya, shi ma ran da ya buƙaci hannu ya miƙa wa wani. Abin ya karɓi garin. Tsohuwar da ba ta iya riƙe fartanya takan yi renon yara, ta samu wanda zai nome mata gona.

A garin akwai wani manomi ƙaƙƙarfa, mai kirki, wanda ba a kiransa aiki ya ƙi. Yau yana gonar wannan, gobe yana kan katangar wancan. In an ba shi fatar sai ya karɓa, don kada ya kunyata mai bayarwa, ya je gida ya jefa cikin wani tsohon tulu a bayan rumbu. Amma shi bai taɓa neman kowa ba. Nomansa shi kaɗai, girbinsa shi kaɗai, har zazzaɓi yakan yi a tsaye. Mutane suna yabonsa, shi kuma yabon yana yi masa daɗi. A hankali fatun suka yi ta ƙaranci a hannun jama'a, kowa yana zaton nasa ne kaɗai suka ƙare, kowa yana ɓoyewa, domin neman aiki hannu wofi ya riga ya zama kamar bara.

Maƙwabcin manomin wani masaƙi ne mai iyali. Da rani rijiyar gidansa ta cushe da laka, tana buƙatar yasa, yasa kuwa sai da maza a sama masu riƙe igiya da janye guga. Masaƙin ba shi da fata ko ɗaya. Ya zo wurin manomin ya ce zai taya shi gyaran shinge. Manomin ya yi dariya ya ce, “Haba maƙwabci, huta abinka, wannan ai ba aiki ba ne.” Masaƙin ya sake dawowa ya ce to ya bari ya kai masa taki gona, manomin ya ce ya riga ya kai. Da masaƙin ya buɗe baki ya faɗi damuwarsa, da manomin ya shiga rijiyar nan kyauta, amma masaƙin ya riga ya ci guminsa sau da yawa, kunya ta hana shi ƙari. Ranar kasuwa, da hantsi, gari ya watse, masaƙin ya ɗaure igiya a turken akuya ya sauka shi kaɗai. Turken ya tuge, bakin rijiyar ya rufta a kansa. Kafin ihun matarsa ya tara mutane, rai ya yi halinsa. Manomin ne da hannunsa ya tono shi.

Da ya shiga yi wa matar gaisuwa, tana lulluɓe, ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Malam, sau biyu ya zo maka. Yini ɗaya yake nema, ya samu mai riƙe masa igiya.” Manomin ya ji kamar an kwaɗa masa taɓarya. Ya fito wurin zaman makoki ya tambayi maza ko wa ke da fata a hannunsa. Wannan ya dubi wancan, wancan ya sunkuyar da kai. Limamin gari ya ce nasa sun ƙare tun kaka, ya ɗauka sakacinsa ne. Sai ga shi duk taron nan babu mai ko ɗaya. Manomin ya miƙe, ya je ya kinkimo tulun ya kife a kan tabarma. Fatun suka zubo tuli guda, wasu sun yi fumfuna, wasu gara ta cinye rabinsu. Salati ya tashi ko'ina. Wani tsoho ya riƙe baki yana kallon tulin, ya ce, “Ashe a bayan rumbunka garin nan ya mutu, muna ta sa maka albarka.” Manomin ya durƙusa a gaban fatun.

Bayan an share makoki aka sake raba fatun. Daga ranar aka ga manomin yana bi gida-gida yana neman mai taya shi ko da ɗaurin dawa ne, abin da zai iya yi da hannu ɗaya. Amma 'ya'yan masaƙi sun riga sun zama marayu, kuma har manomin ya tsufa ba ya iya bi ta gefen rijiyar nan.

Don haka gobe ka aika a kira 'yan'uwanka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka ne.