Sunanta a Bangon Makaranta

Yau ban ga sunan matata a bangon makaranta ba.

Kabarinta ba shi da alama, kamar na kowa. Takardar masu zaɓe da ake liƙawa a bangon ce kaɗai wurin da sunanta ya rage a rubuce a idon jama'a, shi ya sa shekara huɗu ban kai rahoton rasuwarta ba. Na karanta littattafai da yawa, amma babu layin da na maimaita kamar wannan.

Bana aka sake shata iyakar mazaɓu. Na bi sunayen da yatsa sau uku, babu nata.

"Baba, mi kaka biɗa?" in ji ma'aikacin zaɓen da ke wurin.

Na faɗa masa. Ya buɗe wani kundi.

"Kwantar da hankalinka, ta koma sabuwar mazaɓa, wajen Dandin Mahe. Ita da kanta tat taho watan jiya, tad dangwala yatsa."

Da hannuna na sa ta a rami. Katin zaɓenta yana aljihuna.

Ya juyo mini da kundin. Sunanta ne, da na mahaifinta. A samansu, cikin hoto, wata mace da ban taɓa gani ba tana kallona, tana murmushi.