Askin Suna a Tsakar Gida

Tun da maganaɗisun duniya ya yi rauni, ya daina tare burbushin wutar sararin samaniya, mutanen Gusau suka koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Kowa na ɗaure da farin dutse a hannu, mai auna yawan wutar da ta shiga jikinsa. Ranar da ya yi baƙi, ka gama fitowa waje.

Tasallah ta farka ba ta ga jaririnta ba. Ta haura matakala a guje, ta tarar da surukarta, Iya Kuluwa, riƙe da shi a tsakar gida, wanzami na goge askarsa.

"Iya! Wa ya ce a fito da shi?"

"Ke, ɗan fari ne fa, ina kunyarki? A zuri'armu ba a askin suna a rami kamar gafiya."

"Kunyar ta ci ƙaniyarta! Zuri'ar taku mutum nawa suka rage?"

Ta fizge ɗanta, ta juya hannunsa. Dutsen har ya yi ruwan toka.

"Kin aske masa kai, kin haɗa da shekarunsa," in ji ta. "Tattara gashin ki adana, Iya. Shi kaɗai za ki ƙara taɓawa a jikinsa."