Ranar da Baba ya ɓata mini sawu

Bayan an kwance mini ɗorin ƙafa, tsoro ya hana ni fita daga tsakar gida. Gani nake in na taka ba daidai ba, ƙashin zai sake karyewa.

Wata rana da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, Baba ya ja ni wajen duwatsun da ke bayan gidanmu a Daɗin Kowa. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Yana gaba, ni kuma ina sa ƙafata cikin sawunsa daidai, don kada in yi kuskure.

Da ya waiwayo ya gani, sai ya yi dariya. Ya fara yin dogon taku, ya yi gajere, ya hau dutse, ya karkace.

Na ce, "Baba, ka ɓata mini hanya! Zan faɗi!"

Ya ce, "Uwata, bar ƙafar ta yi tangal-tangal. Koyo take yi."

Na yi ta tangal-tangal ina kuka, amma ƙafar ta riƙa tare ni da kanta. Da ita na taka har gida, ba a goye ba. Ni mai yawan zullumi ce har yanzu, sai dai tuntuɓe ya daina tsayar da ni.