Bencunan Coci

Benci na uku daga gaba ne ya fara kawo ƙara. Ana tsakiyar wa'azi ya yi wani kuka, ƙafarsa ta karkace, mata huɗu suka miƙe tare suna riƙe da jakunkunansu.

Wani mai gyaran takalma yana zaune a bayansu. A unguwa ba a kiransa da sunan yanka, sai dai Ni-Na-Yi, domin ko ruwa ya ba wa baƙo, kafin yamma layin gaba ɗaya ya ji labari. Mutumin kirki ne, amma alherinsa ba ya fita sai da mai shela.

Ranar kuwa fasto ya taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce tsohon mutumin da ke cikinmu ba ya jin tsoron aikin kirki, muddin za a tafa masa, kuma wanda yake son sabuwar rayuwa cikin Almasihu sai ya bar wannan tsoho ya kwana da yunwa. Ni-Na-Yi ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Kafin a yi addu'ar rufewa ya yi wa Ubangiji alkawari: zai gyara bencunan cocin duka, kuma babu mahaluƙin da zai ji daga bakinsa.

Matarsa kaɗai ya gaya wa, don ya ce ita ai ba bare ba ce. Ta ce ta ji, kuma alkawarin ya riga ya fara yoyo.

Ana barin ƙofar coci a buɗe da rana saboda masu addu'a. Da hantsi, idan shago ya yi shiru, sai ya zuba ƙusoshin aikinsa a aljihu, ya ɗauki ƙaramar gudumarsa ya sulale. Ya durƙusa, ya buga, ya buga, ya fita yana waige-waige kamar wanda ya saci kaza. Gilashin idonsa kuwa yana gida, don a ganinsa yana tsufar da shi.

Aikin ya yi kyau har ya ba shi mamaki. Duk Lahadi sai ya girgiza bencin da ya taɓa, ya ji shi daram. Ya shafa da hannu, ko kan ƙusa ɗaya ba ya ji. Sai ya ce a ransa, hannu idan ya ƙware, fata da katako duk ɗaya ne.

Sai magana ta fara yawo. Wata mai shara ta ce ta ga ƙanin matar Ni-Na-Yi, wani makaniki mara yawan magana, yana fitowa daga coci da akwatin kayan aiki. Nan da nan aka ɗora wa makaniki rawanin. Tsofaffi suna sa masa albarka, mata suna yi masa sannu da ɗan yatsan da ya naɗe da filasta. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce shi kaɗan ya yi.

Kaɗan! Ni-Na-Yi ya koma gida yana huci. Ya ce wa matarsa ƙaninta ko kunya babu, yana zaune yana shan romon gumin wani. Abinci ya daina wuce masa. Ya kwashe mako yana buga dunduniyar takalman mutane kamar su suka yi masa laifi. Matar ta tambaye shi a hankali ko wa ya yi wa alkawarin, Ubangiji ne ko tsofaffin coci. Ya ɗauki gudumarsa ya koma shago.

Lahadin da ta biyo baya fasto ya ce wanda ya gyara bencunan nan ya daure ya miƙe, ikilisiya ta gode masa. Gwiwoyin Ni-Na-Yi suka fara tashi da kansu. Kalmomin nan uku sun riga sun hau kan harshensa, gumi yana bin bayansa. Ya damƙi gefen bencin, ya rufe ido, ya roƙi Yesu ya riƙe shi, domin shi kam ya kasa riƙe kansa.

Aka tura makaniki ya miƙe dole. Coci ta ɗauki tafi. Ni-Na-Yi ya ɗaga hannuwansa da ƙyar ya buga sau ɗaya, ya sake bugawa, sai ya ji wani abu ya saki ƙirjinsa. Ya yi ta tafawa yana hawaye, kuma da gaske yake. Bayan sujada ya je ya rungumi ƙanin matarsa ya sa masa albarka.

"Yaya, ni fa kaɗan na yi," in ji makanikin, yana kallon ƙasa.

"Na sani," in ji Ni-Na-Yi. "Na yafe maka."

Washegari ya je ya buga benci na ƙarshe da zuciya fes. Har ya kusa shago ya tuna ya bar gudumarsa, sai ya juyo. Yana isa bakin taga ya ji motsi a ciki, ya leƙa.

Makaniki ne kwance a ƙarƙashin bencin da filaya a hannu, yana zare ƙananan ƙusoshin takalmi ɗaya bayan ɗaya kafin su yaga wandon wani, yana maye gurbinsu da ƙusoshin katako na gaske, ƙananan kuma yana jefa su cikin wani gwangwani da ya kusa cika.