Hoton Mama Nkemdilim

Inuwa ɗan jarida ya shigo unguwar Gyadi-Gyadi da murnarsa, jarida a hannu, sai ya tarar da katifar Mama Nkemdilim da tukwanenta zube a bakin kwata.

Ita kaɗai ta yarda ta faɗa masa yadda kansila ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse, tunda dai soja sun sauka daga mulki. Shi ma ya cika alkawari, ya sauya mata suna, ya rufe fuskarta a hoto.

"Mama, wa ya tona miki asiri?"

Ta ɗora yatsa kan hoton, hawaye na zuba.

"Ɗana, ka rufe fuska, ka bar ƙofa. Gidan kansila nake haya. Wane mai gida ne zai kasa gane ƙofarsa?"