Kwalekwalen Odesa

"Inna, riƙe sosai, za mu shiga Kiyef!" in ji Likita.

Gwadabe mai kwalekwale ya doka sandarsa cikin ruwa, kwalekwalen ya zame daga gaɓar kogin Wudil. Inna Dije ta gyara zama a kan tabarmar da Likita ya naɗe mata, ya kuma tura ɗan matashi ƙarƙashin gwiwarta ta hagu tun ba ta roƙa ba.

Masunta ne suka laƙaba masa Likita don tsiya. An kai shi Yukiren karatun likita, yaƙi ya koro shi babu takarda, ya dawo a rame, gemu buzu-buzu. Baki dai bai rame ba. A bakin gada ya taɓa rantsewa cewa sanyin can yana daskarar da magana, sai bazara ta zo ake jin abin da mutum ya faɗa.

Duk Asabar da la'asar yakan ɗauki hayar kwalekwalen Gwadabe saboda tsohuwar nan. Tun ranar da ta ga wuta na cin garuruwan can a talabijin, wayar ɗanta kuma ta daina shiga, hawan jini ya kayar da ita. Ta tashi, amma fuskoki sun gudu mata. Abu ɗaya ya zauna daram a kanta: yaronta yana cikin jirgin ruwa a kogin Dinifuro, yawon buɗe idon da ya kira ta yana ba ta labari kafin yaƙi, kuma jirgin bai tsaya ba tukuna.

Gaskiya kam, Likita ya faɗa mata ita tun ranar da ya sauka. Dariya ta yi, ta ce ashe shi ma ɗan barkwanci ne kamar yaron. Daga nan ya bar ta da jirginta.

"Ga coci-cocin can a kan tudu," ya nuna mata tulin yashin da tifofi ke ɗiba. "Rufinsu zinare zalla. Ɗanki ya kankaro miki na 'yan kunne, 'yan kwastan suka ƙwace."

"Ƙarya dai, Likita," in ji Gwadabe.

"Tuƙa, malam. Kai ko Gaya ba ka taɓa wucewa ba."

Likita ya bi da ita garin Kanif mai tsaunuka. Ya shigar da ita Zaforijiya, inda jirgi ke shiga wani ɗakin kankare a rufe ƙofa, ruwa ya yi ta sauka da shi kamar guga a rijiya. Ya nuna mata tsibirin mayaƙan zamanin da, masu aske kai su bar tukku ɗaya. A Kerson ya ce kankanarsu sai mutum biyu sun yi mata kama-kama. Nan suke juyawa kullum, don nan take gajiya.

A hanyar ne take biyansa, da hirar da ya fi so a duk makon.

"Ɗan fari ne," ta ce, idonta cikin nasa. "Ban taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo ɗaki sai in kau da kai, haka aka tashe mu. Ranar da zai tafi ma, tsinken tsintsiya nake ta gyarawa har motar ta tashi. Amma kai baƙo ne, zan gaya maka. Na bi ta ƙofar baya na tsaya har ƙurarta ta kwanta. Duk cikinsu babu wanda ke sa ni dariya kamarsa. Sai in shige madafa in toshe baki da zani kada ya ji."

Likita ya sa hannu a ruwa ya shafe fuskarsa.

"Shaiɗanin yaro," ta ci gaba. "Yakan dunƙule hannu ya busa hon ɗin tirela, masu tallar kifi su watse daga kan gada. Ka ce yana cin abinci a can?"

"Yana ci, Inna."

"Yau kai ni ƙarshen. In ga inda jirgin ke tsayawa."

Gwadabe ya dubi Likita. Ba su taɓa kaiwa ba. In jirgi ya tsaya, tambayar da za ta biyo baya ita ce ina yaron. Likita ya gyaɗa kai.

Suka gangara har inda kogin ya buɗe. Ya ce mata ga teku nan, ga Odesa: matattakala daga bakin ruwa har sama, ta ƙasa ba ka ganin ƙarshenta, fararen gine-gine, tsuntsaye na ihu. Labarin ya ɗebe shi, ya miƙe tsaye kwalekwale na rawa, ya ce ga yadda jirgi ke sallama da tashar. Ya dunƙule hannuwa ya busa.

Ƙarar ta tsallaka ruwa. Balbelu suka tashi.

Inna Dije ta ƙura masa ido. Ta dubi goshin, ta dubi hannuwan da ke dunƙule har yanzu. Hawaye ya taru, ta haɗiye shi. Sannu a hankali ta ja mayafinta, ta juya fuskarta wajen gaɓa.

"Gwadabe," ta ce, muryarta a bushe, "mai da mu gida. Ka gaya wa wancan ya zauna kada ya faɗa ruwa."

Har suka isa bakin gada ba ta ƙara kallonsa ba. Likita, wanda a gida ake kira Magaji, ya zauna a bayanta yana kuka babu sauti, don ya san hira ta ƙare ke nan har abada: mahaifiyarsa ta gane shi.